Garar Rashida a Shekarar Ambaliya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, muna wanke tukwane bayan bikin nan na bayan tasha, na ji ke Zainab kina gaya wa ƙawarki wai girkin biki ai girkin gida ne aka ƙara wa mudu. Ban tanka ba, don lokacin hannuna na cikin toka, bayana kuma na ciwo. Yau tunda kun taru, ku da kuke son fara karɓar aiki ta waya, ku gyara zama. Ba faɗa zan yi muku ba. Ni ma ranar da na fara abin da na ɗauka ke nan.

Gwaggo Hanne ce ta koya mini, ƙanwar mahaifina, Allah Ya jiƙanta. Ina goyon fari ta soma tafiya da ni gidajen biki. Na yi tsammanin daga zuwa za ta miƙo mini muciya, sai ga shi damina ta wuce, rani ya wuce, aikina bai wuce zaɓen itace da regen shinkafa ba. Ita ta nuna mini cewa bagaruwa da ƙirya suna riƙe wuta har a sauke, darbejiya kuwa hayaƙinta ɗaci gare shi, in ya shiga miya ba ya fita. Shinkafarmu ta fadama a wancan lokacin cike take da tsakuwa, ba kamar yanzu da inji ke tsince ta ba. Ki bar guda ɗaya ta haɗu da haƙorin kawun ango, kafin la'asar an san sunanki a unguwar gaba ɗaya.

Babbar tukunyar can da sai mutum biyu ke ɗaga ta, wadda kuke kira Hajiya Babba, ta Gwaggo ce na gada, tare da muciyar da ta fi wasunku tsawo. A ƙaramar tukunya wuta da shinkafa kusa suke da juna. A babba kuwa, ta ƙasa tana ƙonewa, ta sama ba ta ma san an hura wuta ba. Saboda haka da ruwa ya fara tsotsewa sai a janye itacen duka, a bar garwashi, a lulluɓe shinkafar da buhu mai tsabta, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfin. Gishiri kuma ba ya bin lissafi. In kin ninka shinkafa kika ninka gishiri daidai da ita, kin ɓata. Sabuwar shinkafa ba ta shan ruwa kamar wadda ta daɗe a buhu, don haka kafin ki zuba ruwa ki tauna ƙwaya ɗaya tukuna. Gas ɗinku yana da kyau, ni ma da shi nake suya yanzu, amma shi bai san wannan ba.

Duk wannan dai aikin hannu ne, hannu kuwa yana koyo. Abin da ya riƙe ni a sana'ar shi ne gidajen da take shigar da ni. Mai girki ta ƙofar baya take shiga, tana zaune a bakin murhu ana wucewa ta gabanta da komai, ba mai ɓoye mata. Gwaggo tana da wata ɗabi'a. Duk gidan da aka ba mu aiki, sai ta je tun kafin ranar ta nemi tsohuwar da ta fi kowa shekaru, ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta tambaye ta mene ne abin da in babu shi su a wurinsu ba a yi aure ba. Ni kuma na ɗora da nawa, don ba na iya ganin abu ban tambayi dalilinsa ba. Gwaggo takan ce bakina ya fi hannuna sauri.

Akwai aikin da muka je a wata ruga bayan Kaugama. Da hantsi aka kayar da bijimi, ni kuwa na wasa wuƙa ina jiran nama. Gwaggo ta riƙe mini hannu ta ce in zauna. Maza ne suka raba shi, kowane yanki da mai shi. Wannan na dangin uwa, wancan na dangin uba, ga na dattawa, ga na samari, har da na wanda bai samu zuwa ba, aka ware masa aka aika. Abin da ya iso tukunyarmu bai taka kara ya karya ba. Na tambayi wata tsohuwa da ke kaɗa nono me ya sa ba za a haɗa a dafa kowa ya ci ba. Ta ce duk wanda ya karɓi rabonsa ya zama shaida, gobe ba zai ce bai san da auren ba. Tuwon gero muka tuƙa ranar, miyar kuka, man shanu kamar ba a san zafinsa ba. Kayan ɗakin amarya kuwa ƙore ne masu zane, an jera su a kan gado, mata suna zuwa suna ɗagawa suna duba ƙasansu kamar yadda ku kuke duba sunan kamfani a gindin faranti.

A gidan wasu Barebari a cikin gari na koyi burabusko na gaskiya. Tsakin gero ne, a zuba a madambaci, a liƙe bakin da tsumma da garin kuka don kada tururi ya tsere, a turara, a sauke, a yayyafa ruwa a murje, a sake mayarwa. In kin yi gaggawa ya dunƙule, su kuwa ba sa yafe dunƙulallen burabusko. Muna cikin aiki aka ce a yi wata 'yar miya mai yauƙi a ƙaramin kwano, ba nama. Na yi ta tunanin wa zai ci wannan. Ashe ba ta ci ba ce. Amarya aka zaunar a tabarma ta buɗe tafin hannu, dangi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ɗiga mata suna sa albarka. Na tambayi gwaggonta me ya sa sai mai yauƙi. Ta ce don zaman ya yi santsi. Wata da ke gefe ta ce ba haka ba ne, haka dai aka taras. Na bar su suna musu na koma kan madambacina. Zanin da na sa ranar ya yi sati yana ƙamshin turaren wutarsu.

Na yi wa wani mutumin Ibo mai sayar da kayan babur girkin auren 'yarsa. Shi da kansa ya kira mahauci Musulmi ya yanka, don maƙwabtansa su ci ba tare da shakka ba. Ni na yi dafa-duka, matansu suka yi agushi da sakwara, ina leƙen tukunyarsu suna leƙen tawa. Can na ga uban ya miƙa wa amarya kofi, ta shiga cikin taro tana dube-dube, samari suna ta kiranta ta kawo musu. Ashe angon take nema, ya saje a cikin mutane. Da ta gan shi ta durƙusa ta miƙa masa ya sha, wuri ya ɗauki sowa. Na ce ikon Allah, mu nan amarya ake lulluɓewa ango ya zo ya sayi baki, su kuma angon ne ke ɓuya.

To amma aikin da nake so in ba ku labarinsa sosai shi ne na shekarar ruwa. Wasunku suna yara, amma kun tuna lokacin da maza suka kwana biyu suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga. Shinkafa ta fara fitar da kai ke nan kogi ya hau. Ya cinye fadama, ya shiga ƙauyuka, mutane suka taho gari da abin da kai zai iya ɗauka. Aka zuba su a makarantu. Bukukuwan da aka sa mini rana kuwa, ɗaya bayan ɗaya aka riƙa aiko mini cewa an ɗaga sai Allah Ya kawo sauƙi. Tukwanena ba su zauna ba dai, don na kai su wata firamare da ke kusa da mu, inda matan da ruwa ya koro ke haɗa abin da aka samu su dafa. Itace ya jiƙe, wanda bai jiƙe ba ya yi tsada. Ƙaiƙayi muka riƙa ɗebowa a wurin masu injin casa, mu cusa a garwa mu hura. Yana ci a hankali, yana hayaƙi, amma yana dafawa.

Biki ɗaya ne ba a ɗaga ba. Akwai wata Bayarabiya mai sayar da robobi da kwanuka a kasuwa, kowa Iya Rashida yake ce mata. Mijinta tela ne, ya rasu ya bar ta da yara. Rashida a nan aka haife ta, Hausarta ta fi Yarbancinta, tana koyarwa a wata makaranta. Wanda za ta aura Modu ne, mai gyaran injin ban-ruwa, ɗan Mangawa daga wani ƙauye a bakin kogi ta gabas. Ƙauyen nasu yana cikin waɗanda ruwa ya tasa, mahaifiyarsa Ya Falmata tana zaune a aji ɗaya cikin firamaren da tukwanena suke, ita da 'ya'yanta mata da jikoki. Dalilin da ya hana ɗagawa shi ne kakar amarya ta wajen uba, wadda suke kira Alhaja, ta riga ta taso daga can kudu. Tsohuwa ce tukuf, tafiyar ta wahalar da ita, ta kuma ce ba ta da ƙarfin sake yin irinta.

Iya Rashida ta ba ni aikin abincin Hausawa, matansu za su yi nasu. Da na je ganin wuri na tambaye ta yaushe za mu fara alkaki da nakiya, don kun san ba aikin yini ɗaya ba ne. Alkama sai an ɓarza an kwaɓa ta kwana, nakiya kuma daka ce har hannu ya yi kanta. Sai ta ja ni bayan ɗaki ta ce ba za a yi gara ba. Ita ta daɗe a garin nan, ta san bayan an kai amarya danginta kan bi ta da shinkafa da mai da kayan zaƙi zuwa gidan surukai, har ta fara tanadi. Alhaja ce ta hana. Ta kuma ce in aka matsa mata za ta hau mota ta koma ba ta sa albarka ba, in kuwa ta tafi a haka, dangin uban Rashida ba mai zuwa, har wanda zai ba da auren.

Na ce a kai ni wurin Alhaja. Na same ta a kan kujera da carbi, ɗaurin kanta ya kusa taɓa ƙofa. Ba ta jin Hausa ko kaɗan, Rashida ce ke fassara, kanta a sunkuye. Na zauna a ƙasa na gaishe ta, na yi mata tambayar da Gwaggo ta saba yi. Ta dube ni, sannan ta fara magana, ta kuma yi mai tsawo. Ta ce ta ga akwatunan lefe, atamfofi masu kyau ne, amma zane ba ya neman aure. A wurinsu dangin miji ne ke zuwa ƙofar gidan da doya a ka, don a ga ɗansu zai iya ciyarwa. Su zo da zuma, su zo da goro da namijin goro, su zo da busasshen kifi, don shi kifi duk yawan ruwa ba ya cin sa. Sama da duka su zo da gishiri, abin da ke hana abu lalacewa. Ta ce tun da ta sauka take sauraren sallamarsu, ko ƙwayar gishiri ba ta gani ba. Yanzu kuma ana gaya mata wai ita ce za ta ba da jika, ta kuma bi ta da buhunan abinci, kamar mai roƙo a karɓa.

Ni ban taɓa jin wannan ba, duk daɗewata da Yarabawan garin nan. Na yi ta tambaya har Rashida ta gaji da fassara. Namijin goron na mene ne? Ta ce na tsawon rai. Doyar dafaffiya ko ɗanya? Tsohuwar ta yi dariya a karon farko, ta ce ɗanya mana, da ƙasarta. Da muka fito na tambayi Iya Rashida me ya hana ta gaya wa dangin Modu tun farko. Ta ce da rani ta ɗauka lefe ya wadatar, tunda a nan ake zaune. Da Alhaja ta zo ta tayar da maganar kuwa, ruwa ya riga ya ci gonarsu. Da wane baki za ta je aji ta ce wa matar da ke kwana a kan siminti ta kawo doya?

Washegari na je firamare duba tukwane. Ya Falmata tana bakin garwar ƙaiƙayi tana juya kifi a kan waya. Doguwar mace ce mai tsagen fuska, ba ta da yawan magana. Bayan mun gaisa ta tambaye ni, tana kallon kifin ba ni ba, ko an fara daka a gidan su Rashida. Ashe ita ma maganar tana cin ta. 'Yan'uwanta sun lura ba a ji ƙarar turmi ba, suna ta cewa an raina su ne tunda sun zama 'yan gudun ruwa, wasu har suna zuga a fasa. Ban tsara komai ba. Abin da na ji jiya ne yake bakina, na zauna na kwashe mata shi duka, har da ɗanyar doya da ƙasarta.

Ta sauke kifi ɗaya da ya soma ƙonewa. Ta ce da an gaya musu da rani, da amalanke za su kai. Yanzu ba su da komai sai kifi, don abin da ruwan ya bar musu ke nan, samarinsu kullum suna cikin kwalekwale. Na ce ai kifin yana ciki, na faɗa mata abin da Alhaja ta ce a kansa. Ta ɗan murmusa. Da na ambaci gishiri kuwa sai ta ajiye abin juya kifin ta dube ni.

"Uwani, gishiri kika ce? Mu Mangawa za a ce ba mu kawo gishiri ba? Kakana a dafa gishiri ya tsufa."

Ta tashi ta shiga aji. Daga baya na ji ta aika wa ƙaninta da ke cin kasuwar Kafin Hausa. Shi ya samo zuma, ya kuma samo mata dunƙulen gishirin Manga, irin mai ruwan toka da ake kawowa daga arewa. Doya ce ta ba da wahala, don hanya ta yanke, manyan motoci ba sa shigowa sosai. Abokan Modu suka yi ta zagaya tasha har suka haɗa 'yan ƙwayoyi, wasu ma sun fara tsiro.

Ranar da suka zo ina tsakar gidan Iya Rashida ina gyaran kayan miya. Aka yi sallama, sai ga mata a jere da fanteka a ka, Ya Falmata a gaba. A al'adarsu uwar ango ba ta zuwa irin wannan, amma ta ce tunda abin na wasu ne, ba ta san dokarsa ba, za ta zo da ƙafarta. Aka sauke a gaban Alhaja. Kifin ya cika kwando biyu, tarwaɗa da ƙarfasa, an banda su sun yi jawur. Doyar kuwa ko tabarma ba ta rufe ba. Na ga Iya Rashida tana satar kallon fuskar tsohuwar. Alhaja ta taɓa doyar ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga dunƙulen gishirin ta juya shi, ta tambaya wane irin dutse ne wannan. Aka ce ta lasa. Ta lasa, ta yamutsa fuska, ta sake lasa. Rashida ta fassara mata cewa mutanen su Modu su suke yin sa tun kakanni. Sai ta sa aka naɗe shi a ɗankwali aka kai ɗakinta, ta ce wannan ba na miya ba ne, da shi za ta koma gida.

Saura abu ɗaya. A wurinsu ango da abokansa kan kwanta rub da ciki a gaban iyayen amarya. Da aka faɗa, kawun Modu da ya rako su ya ɓata rai, ya ce ɗansu ba ya kai goshi ƙasa sai ga Allah. Aka fassara wa Alhaja. Ta ce ita ma ta je Makka, ta san sujada, wannan gaisuwa ce. Amma ta tambayi yadda yake gaida mahaifiyarsa. Aka ce durƙusawa yake, ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai.

"To ya gaishe ni yadda yake gaida uwarsa," in ji ta.

Aka shigo da Modu ya durƙusa, ta dafa kansa ta yi addu'a mai tsawo, rabi Larabci rabi Yarbanci, kowa na cewa amin, har da waɗanda ba su ji ko kalma ɗaya ba.

Baƙin na fita Alhaja ta sa aka kira ni. Ta ce tunda sun yi nata, a yi nasu, wato garar, kuma kada a rage komai. Ta tambaye ni dalilin garar. Na ce ni dai abin da na taso na ji shi ne don kada yarinya ta shiga gidan mutane hannu sake, ta ci nata kafin ta fara cin nasu, surukai kuma su san daga gidan da ake ci aka fito da ita. Ta gyaɗa kai ta ce wannan magana ce.

Lokaci ya ƙure, sai muka aro turame a maƙwabta. Matan Yarabawa sun iya daka, amma dakan sakwara suka sani, mai laushi. Nakiya ta ba su mamaki, suna yi suna duba tafin hannu. Na koya musu murza alkaki, nasu ya riƙa fitowa kamar igiyar ɗaure akuya, muna ta dariya. Su kuma suka nuna mini amala. Garin busasshiyar doya ne, yana shiga ruwan zafi ya koma baƙi, kuma tuƙinsa ya fi na tuwonmu neman ƙarfi. Miyar da suke yi masa na tsaya ina kallo, ganye ne suke bugawa da 'yar tsintsiya a cikin tukunya. Na ɗauki ganyen na shinshina, ashe lalo ne, wanda ke fitowa a bayan gidanmu ba mai kula shi. Ɗayar miyar kuma ta wake ce, an tace ta ta yi sumul. Na ce wato duk nisan nan abinci ɗaya muke ci, suna ne ya bambanta.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a, aka kai amarya ɗakin da Modu ya kama a gari. Dafa-dukata da wainata sun ƙare, amalarsu ma ta ƙare, don Mangawan da suka fara da taɓawa da yatsa ɗaya sun dawo neman ƙari. Bayan kwana biyu aka tashi kai gara. Alhaja ta ce da ita za a je. Iya Rashida ma ta biyo don fassara, ko da yake uwar amarya ba ta zuwa, amma a bikin nan an riga an daina lissafin wa ke zuwa ina. Muka cika Keke Napep biyu, buhunan shinkafa, jarkar mai, fantekun alkaki da nakiya da dubulan, muka nufi firamare.

Da muka shiga harabar, mutanen sauran azuzuwan suka firfito, yara suka maƙale a tagogi. Aka jibge kayan a ƙofar ajin Ya Falmata. Ta fito ta tsaya tana kallon buhunan, sannan ta kalli mutanen da ke kallonta. Mace ce da a ƙauyensu ita ke aika wa wasu shinkafa da kaka. Ta yi godiya, ta ce amma a kai ɗakin amarya, su nan ba su rasa komai ba. Na gane abin da take gudu, kada a ce sadaka aka kawo mata da sunan gara.

Iya Rashida ta fassara. Alhaja ta dogara sandarta ta matso har ta kusa taɓa ta, ta yi magana a hankali, Iya Rashida tana mayarwa da Hausa.

"Ranar da kika kawo mini gishiri, ina da gishiri a gida. Ban ce ki mayar ba. Naki ne ki kawo, nawa ne in karɓa. Yau kuma nawa ne in kawo."

Ya Falmata ta sunkuya ta buɗe fanteka ɗaya, ta ɗauki alkaki, irin murɗaɗɗen nan na hannun Yarabawa, ta juya shi, ta gutsura. Ta ce sukarin ya yi yawa. Sannan ta waiwayo wurina.

"Uwani, babbar tukunyarki tana nan?"

Na ce tana nan.

"A ɗora."

Buhu guda muka farke a wurin. Matan azuzuwa suka kawo kifinsu, wata ta kawo albasa, wata tattasai, aka hura garwa uku. Ban taɓa dafa shinkafa mai yawa haka a kan ƙaiƙayi ba, na tsaya a kanta ban matsa ba har ta nuna, kuma ba ta kama ba. Kowane aji sai da aka kai masa daro, aka bi yara da nakiya.

Da na samu kaina na leƙa ajin don in sallame su. Na tarar da Alhaja da Ya Falmata a kan bencin 'yan makaranta, kwano ɗaya a tsakaninsu, Alhaja tana cire wa kifi ƙaya. Hira suke yi sosai, wannan ta faɗa wannan ta amsa, har da tafa hannu. Iya Rashida tana can waje wurin rabon abinci, ba mai fassara. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa kunne, ban kama komai ba. Da muna komawa a Keke na tambayi Iya Rashida ko ta ji abin da suke cewa. Ta ce ta wuce ta ji rabi, Alhaja tana ba da labarin ranar nata auren ne. Ɗaya rabin kuwa ba ta sani ba, don Ya Falmata da Manganci take ba ta amsa.